Daga gungume zuwa benci: abin da ya kamata ka sani kafin a kunna injin katako a gonarka

Duk shekara idan damina ta kawo kai, iskar farkon ruwa ba ta wuce ƙasar Matazu sai ta kayar da bishiyoyi. Wata darbejiya ce da ta shekara talatin a ƙofar gida, wani mangwaro ne da ya daina 'ya'ya, wani turare ne a bakin makaranta. Abin da ke biyo baya sananne ne. A kira mai gatari ya faskara, a kai murhu, ko a sayar wa mai gidan burodi ko mai gawayi. Kafin wata ya zagayo ta zama toka. Mai bishiyar kuma idan rufin ɗaki ya taso masa, sai ya nufi Malumfashi ko Funtua, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ya sayo falankin da aka ɗauko tun daga dazukan Edo ko Ondo, ya biya kuɗin katako, ya biya na mota.

Bishiyar da ta riga ta faɗi, ko wadda dole a sare ta domin saiwarta na tsaga katanga, tana iya zama falanki da bencin da jikoki za su zauna a kai. Amma injin da ke yin wannan aiki, shi ne kuma ke iya share ɗorawar gona da rana ɗaya. Shi ya sa ya kamata ka san shi kafin ka kira shi.

Wane irin inji ake nufi?

Injin tsaga katakon da aka sani a Kudu, irin na Sapele da Benin, a girke yake wuri ɗaya, tirela ce ke kawo masa gungume. Na tafi-da-gidanka shi ke zuwa inda gungumen yake kwance. Ɗanyen gungumen darbejiya mai kaurin inci 16 da tsawon ƙafa 12 yana haura kilo 400. Ɗora shi a amalanke sai an tara majiya ƙarfi. Idan kuwa an tsaga shi a wurin, mutum ɗaya zai riƙa saɓar falanki yana kaiwa gida.

Iri uku ne. Na farko shi ne zarto mai sarƙa da ake riƙewa a hannu, wanda ka saba jin kukansa daga nesa. Sarƙa ce mai haƙora take zagaya wani dogon ƙarfe mai faɗi, mu kira shi takobin inji. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera irinsa mai aiki da lantarki a 1926, masu shan fetur suka biyo baya ba da jimawa ba. Har yau sunan Stihl da na Husqvarna ta ƙasar Suwidin ne suka fi yawa a bakin masu sana'ar. Mai sarrafa shi, wanda ake kira ofareta, da ido da ƙarfin damtse yake bin layi.

Na biyu wannan zarton ne dai, sai dai an ɗaure wa takobinsa firam na ƙarfe. Firam ɗin yana zamewa a kan miƙaƙƙen katako ko tsani da aka kafa bisa gungumen, don haka kaurin falankin ba ya canzawa daga farko har ƙarshe. Mai walda da ya ga hotonsa zai iya haɗa maka shi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu. A ganina babu gyaran da ya kai wannan araha da amfani ga ofaretocin yankinmu.

Na uku shi ne babba. Zarto ne siriri da aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, yana zagaya ƙafafu biyu na ƙarfe, ana tura kan injin bisa dogo, gungumen na kwance a ƙasa. Kamfanin Wood-Mizer na Amurka ya fara fitar da irinsa a 1982. Aikinsa ya fi tsabta, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya a karkara. Na ƙungiyar kafintoci ne ko ta manoma.

Me yake sha?

Zarto mai sarƙa irin injin ƙaramin janaretan nan ne da ake gauraya wa fetur da man inji. Ba shi da wurin ajiye man da ke shafe cikinsa, a cikin fetur yake samunsa. Ma'aunin da Stihl ya bayar ga nasa man shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Duba littafin naka injin, kada ka auna da ido. In ka zuba fetur zalla, injin zai ƙone tun ba ka gama gungume ɗaya ba.

Akwai tanki na biyu, na man da ke jiƙa sarƙa. Da yawa suna zuba masa baƙin man da aka juye daga mota don araha. Yana da tsakin ƙarfe a ciki, yana cinye famfon mai da sarƙar, yana kuma baƙanta katakon da kake so ya fito fes.

Haƙoran sarƙa ma iri biyu ne. Na datse itace a gicciye ana wasa su a karkace, kimanin digiri 30. Na tsaga shi a tsawonsa kuwa kimanin digiri 10 ne, kusan a miƙe. Da siririn magagari zagayayye ake wasawa. Idan ka ga injin ya daina fitar da ɓarɓashi yana fitar da ƙura mai laushi, sarƙa ta dakushe, a tsaya a wasa.

Yaya gungume ke zama falanki?

Ana fara sassabe rassa, a datse gangar jikin gwargwadon buƙata. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne, benci kuwa ƙafa 6 ta isa. A ƙara inci uku ko huɗu, domin bakin katako yakan tsage, daga baya a datse shi. Sai a ɗora gungumen kan guntaye biyu don ya bar ƙasa, a tokare shi kada ya mirgina.

Kafin inji ya taɓa shi, a share ɓawon da kyau. Yashi ne babban maƙiyin sarƙa, taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya dakushe ta. Bishiyar cikin gari kuma tana da nata sirrin. Shekara da shekaru ana kafa mata ƙusa don ɗaure rumfa, igiyar shanya ko allon talla, itacen ya girma ya haɗiye su. Idan ka ga baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a bakin gungume, akwai ƙarfe a kusa.

Daga nan sai layi. Ofareta yakan tsoma igiya cikin baƙin mai ko jiƙaƙƙen garin gawayi, mutum biyu su ja ta tamau daga baki zuwa baki, ya ɗaga tsakiyarta ya saki, ta bar miƙaƙƙen zane a jikin itacen. Yankan farko yana cire bayan gungumen mai ɓawo. A juya, a cire na biyu, har gefe huɗu, ya zama dunƙulen katako mai kusurwa huɗu. Daga shi ake fitar da abin da ake so: falanki mai inci ɗaya, ko tu-bai-fo, wato inci biyu a kauri da huɗu a faɗi, ko tu-bai-tu na rufi. Yayin da inji ke tafiya, mataimaki na bin baya yana cusa 'yan tsinkayen itace cikin tsagar, kada katakon sama ya danne sarƙa.

Abu biyu kada ka manta. Ka sa a ƙara ɗan kauri a kan wanda kake so, domin katako zai tsuke in ya bushe, kafinta kuma zai goge. Sannan ainihin tsakiyar gungume, wato cibiyarsa, ita ce tushen tsagewa. Falankin da ta ratsa ba ya zama lafiya. A bar ta cikin katako mai kauri da za a yi dirka da shi.

Nawa ne ke tafiya a gari?

Kowane yanka yana cin katako. Sarƙa tana cin kusan kashi uku cikin takwas na inci, siririn zarton dogo kuwa kashi ɗaya cikin takwas ko ƙasa da haka. Ɗauki gungumen nan mai inci 16. Idan an daidaita gefensa huɗu, abin da zai rage inci 11 ne da ɗan ɗigo. Zarto mai sarƙa zai ba ka falanki 8 masu kaurin inci ɗaya. Na dogo zai ba ka 10. Wannan ma in hannun ofareta bai karkace ba ke nan, domin falankin da ya fito da tudu da kwari sai an goge da yawa kafin ya daidaita.

Saboda haka idan zarto mai sarƙa ne a hannunka, kada ka matsa wa sirarin falanki. Ka yanka mai kauri, inci biyu ko uku. Yanka ya ragu, asara ta ragu, man da za a ƙona ya ragu. Katako mai kauri kuwa shi benci ke nema, shi ya sa tsaga katako da yin benci suke tafiya tare.

Wace bishiya ce ta dace?

Darbejiya, wadda ake kuma kira bedi ko dogon yaro, ita ce ta farko. Asalinta ƙasar Indiya, ta shigo Najeriya ta lardin Borno a 1928, yau ta cika kowane gari. 'Yar uwar maɗaci ce ta jini. Idan an tsaga tsohuwarta za ka ga launi biyu: farin gefe da jan ciki. Jan cikin shi ne katakon kirki, gara ba ta cika son sa ba. Farin gefen kuwa ƙwari na cin sa, kada ka dogara da shi a wurin da zai taɓa ƙasa. Babbar falalar darbejiya ita ce in an sare ta kututturen yana sake tohowa.

Turare miƙaƙƙe ne, shi ma yana tohowa, amma yana da taurin kai. Yakan tsage ko ya lanƙwashe tun ana cikin yanka. Ya fi kyau a dirka da katakon rufi. Mangwaro yana da sauƙin aiki da kyawun zane, sai dai ƙwari da danshi na saurin kama shi, don haka nasa bencin na cikin zaure ne. Kirya da marke ƙarfe ne a jikin itace, suna jure rana da ruwa, suna kuma cinye sarƙa. Ba banza masassaƙa suka zaɓi kirya don turmi ba. Kuka kam kada ka wahalar da inji, cikinta laushi ne da zare. Rimi ma ba ya jure waje.

Akwai kuma waɗanda tsayuwarsu ta fi faɗuwarsu kuɗi. Ɗorawa tana ba da kalwa da daddawa, kaɗanya man kaɗe, tsamiya 'ya'yan da ake aunawa a kasuwa, kowace shekara, kuma yawanci a hannun mata kuɗin ke faɗawa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa dawa da masara rana, ya taki ƙasa, da rani ya ciyar da dabbobi. Katakonsa ma ba na kirki ba ne. Wanda ya sayar da rayayyar ɗorawa don falanki ya karɓi kuɗin yini ɗaya ya toshe na shekara arba'in, kuma ba nasa kaɗai ya toshe ba. Idan iska ce ta kayar da ita, wannan wata magana ce, a tsaga a amfana.

Maɗaci shi ne sarkin katakon Arewa, ja mai sheƙi, amma ya yi ƙaranci. Abin da ya faru da madobiya ya isa darasi. Cikin 'yan shekaru aka kwashe ta daga dazukan Taraba da Kogi zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin jerinta daga 2017. A taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗacin Afirka da kawo. Wannan ƙa'ida ta fitarwa ƙasashen waje ce, ba ta bencin ƙofar gidanka ba, amma tana nuna maka inda aka kai.

Bishiyata ce, me ya kawo neman izini?

Tambaya ce mai kyau. A Najeriya sha'anin daji yana hannun gwamnatocin jihohi. Jihar Katsina tana da sashen kula da gandun daji, a ƙaramar hukuma kuma akwai malamin daji a ƙarƙashin sashen noma. Shi za ka fara gani kafin a sare babbar bishiya, ko da a gonarka take. Ya zo ya duba, ka biya abin da aka tsara, ka karɓi rasit. Takardar nan ce za ta yi maka magana idan an tare kaya a hanya. Gandun daji na gwamnati da bishiyoyin bakin titi, na makaranta da na maƙabarta kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai kuma hakkin mutane, wanda ya fi na hukuma saurin haddasa rigima. Gonar aro, ta haya ko ta jingina, noma aka ba ka, ba bishiya ba. Gonar gado da ba a raba ba, kowane magaji yana da rabo a kowane reshe, har 'yan'uwa mata da ke gidan aure. Bishiyar kan iyaka ta mutum biyu ce. Ka sa mai unguwa ko dagaci ya sheda kafin a kunna inji. Ga kuma halin tsaro da yankin ke ciki: kukan injin yana kaiwa nesa, don haka aikin kusa da gari ya fi, kada katako ya ja ka cikin daji.

Me ya sa ba a aiki da ɗanyen katako?

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan mafi yawan mutane ke asarar wahalarsu. Sulusi zuwa rabin nauyin ɗanyen itace ruwa ne. Yayin da ruwan ke fita, katakon yana tsukewa a faɗi da kauri, ba a tsawo ba, kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane gefe ba. Ka jingina sabon falanki a bango cikin rana, zai nannaɗe kamar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba. Ƙofar da aka yi da ɗanyen katako da kaka, kafin tsakiyar hunturu za ka hango waje ta tsakanin falankanta.

Ga yadda ake yi. Ka sami inuwa mai shan iska, rumfa ko zaure. Ka jera bulo a ƙasa su daidaita, don kayan su yi nesa da gara da danshi. Ka shimfiɗa falanki jeri ɗaya da 'yar tazara tsakaninsu. Ka gicciya busassun tsinkayen katako masu kaurin inci ɗaya, kowane ƙafa biyu. Ka ɗora wani jerin, ka sake gicciya tsinkaye, kowanne daidai saman na ƙasansa. Idan tsinkayen suka saɓa, falankin zai lanƙwashe a tsakaninsu. A can sama ka ɗora duwatsu ko bulo su danne. Bakin kowane falanki kuma ka shafe shi da ragowar fenti mai kauri tun ranar da aka yanka, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan tsaga ke farawa.

A ƙasashen sanyi matsalarsu jinkirin bushewa ce. Tamu akasin haka ce. Iskar hunturu tana busar da fatar katako tun cikinsa na jiƙe, sai fatar ta tsattsage. Idan da hunturu ka yanka, ka kare jerin da zana ta gefen da iska ke bugowa a makonnin farko.

Yaushe ya bushe? Falanki mai inci ɗaya yakan so wata biyu zuwa uku na rani. Mai inci uku ka ba shi rani guda cur, ko fiye. Hanya mafi tabbas ita ce sikeli. Ka ware falanki ɗaya, ka riƙa auna shi duk mako kana rubuta nauyin a jikinsa da gawayi. In ya yi mako uku bai ragu ba, ya gama.

Yaya ake yin bencin?

Dubi bencin mai shayi ko na majalisar ƙofar gida. Yawanci farin katako ne siriri da aka haɗa da ƙusa, damina biyu ya fara rawa. Bencin gungume nauyinsa ne ke riƙe shi, ba ƙusa ba. Ma'auninsa ɗaya ne ko wane iri za ka yi: tsayi daga ƙasa inci 17 zuwa 18, faɗin mazauni inci 12 zuwa 14. Mai tsawon ƙafa 6 yana ɗaukar manya uku a sake.

Mafi sauƙi shi ne na rabin gungume. A tsaga shi biyu ta cibiya, ɓangaren da ya daidaita ya kalli sama. Tsagawa ta cibiya tana sakin ƙarfin da ke sa itace fashewa, ga shi kuma gungume ɗaya ya ba ka benci biyu. Ƙafafunsa guntayen gungume biyu ne a kwance. A saman kowanne a yi gurbin da cikin mazaunin zai zauna. Yadda ake fitar da gurbin shi ne a yi yanka da yawa kusa da juna, zurfinsu ɗaya, sannan a ɓalle tsakaninsu da gizago a gyara. Idan gurbin ya zauna daram, ko ƙusa ɗaya ba a buƙata.

Na biyu shi ne na falanki mai kauri, inci biyu da rabi ko uku. A huda ramuka huɗu, a fiƙe kan ƙafafu su shiga a matse, a buga ɗan tsinke a kan kowace ƙafa ya buɗa ta cikin ramin. Tsinken ya gicciye tsawon falankin, in ba haka ba shi da kansa zai tsaga mazaunin. Ƙafafun su ɗan buɗe waje, kuma su fi mazaunin bushewa, don in ya ƙara tsukewa ya ƙara damƙe su.

Na uku shi ne na gwaninta, wanda ake sassaƙawa daga babban gungume ɗaya, mazauni da majingina da madogaran hannu duk a jiki guda. Ana zana layi, a bar inci shida zuwa takwas a kowane baki, a yi yanka ɗaya daga sama, ɗaya daga gaba, a cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gungumen. Yana buƙatar soka kan takobi cikin itace, wanda shi ne yanka mafi haɗari. Ba aikin ɗan koyo ba ne.

A Amurka da Turai masu wannan sana'a sukan sassaƙa dabbobi da tsuntsaye a gefen benci. Mu muna da namu adon da ya fi dacewa da ƙofar masallaci da zaure: dagi, da irin zayyanar da ke jikin akushi da kujerar mata. A nan masassaƙin gargajiya ya fi inji. Inji ya yi aikin ƙarfi cikin sa'a guda, gizago da wuƙa su yi na ido.

Kafin ka gama, ka ɓare ɓawon duka, domin a ƙarƙashinsa ƙwari ke kwana. Ka kashe kaifin gefuna kada su yaga riga. Ka goge da sanfefa, mai kaushi tukuna sannan mai laushi, ka shafa banish ko man katako. Baƙin mai kada ya hau mazauni, farar shadda ba za ta yafe maka ba. Maganin gara a ƙafafu ake shafa shi, a kuma ɗora su kan dutse ko siminti. Ƙananan tsaga za su fito a jikin itace mai kauri ko yaya aka yi, ba sa rage masa ƙarfi.

Ina haɗarin yake?

Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba yanka take yi wa nama ba, yaga take yi. Babban haɗari shi ne tsallen inji. Idan saman kan takobi ya taɓa wani abu mai tauri, injin yakan yi tsalle baya ya nufo fuska ko kafaɗa, da saurin da hannu ba zai tare ba. Don haka hannu biyu kullum, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ka tsaya gefen layin yanka, kada ka yi yanka sama da kafaɗarka. Injinan zamani suna da birki a gaban hannun hagu mai tsayar da sarƙa nan take. Wasu manyan tsofaffin samfura ba su da shi. Ka duba kafin ka saya.

Silifas, babbar riga da rawani mai lilo ba kayan wannan aiki ba ne. A sa takalmi mai rufi, wando mai kauri, tabarau, da abin toshe kunne. Ƙarar injin ta haura desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ƙurar katako ma a rufe mata hanci. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 1995.

Yara sukan taru duk inda inji ke kuka. In ana kayar da bishiya, kowa ya yi nisan tsawonta sau biyu. In akwai wayar lantarki kusa, a nemi ma'aikatan KEDCO su ɗauke wuta tukuna. Bishiyar da iska ta kayar ma ba ta mutu ba: reshen da ya danne yakan yi bulala in an yanke shi, tushen da ya tumɓuke yakan koma raminsa da ƙarfi. Ofaretan da ka ga alamar ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi, ka sallame shi da girma.

Ba zai ƙarar mana da itatuwa ba?

Zai iya. Ghana ta haramta sayar da katakon zarto mai sarƙa a 1998, amma shekaru bayan haka shi ne dai mafi yawan katakon kasuwannin cikin gida, sai dai ya koma aikin ɓoye. Hani kaɗai bai tsayar da inji ba.

Abin da ya yi aiki yana nan kusa da mu, a Maraɗi. Tun daga 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka kama abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a ƙone tohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran. An ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake yin itatuwa ta wannan hanya. Manomi ya kula da bishiya ne da ya tabbata amfaninta nasa ne. Katsina na cikin jihohi 11 da ke sahun gaba wajen fama da hamada, kuma kututturen darbejiyarka zai yi abin da na Maraɗi ya yi. A yanke shi a ɗan karkace don ruwa ya zurare, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, bayan damina a zaɓi tohon da za a bari.

Nawa zai ci maka?

Farashi yana motsi, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, don haka lissafin ranar shi ne naka. Ga abin da za ka tara: kuɗin bishiya in ba taka ba ce, kuɗin izini, ladan ofareta da mataimakinsa, fetur da mai iri biyu, abincin ma'aikata, dako, da fenti da maganin gara. Tsagawa a tsawo tana shan mai fiye da datsewa nesa ba kusa ba. Sai ka je wurin mai katako mafi kusa ka tambayi kuɗin jan falanki irin wanda za ka samu, ka ninka da yawan da gungumenka zai bayar. In ratar ba ta taka kara ta karya ba, ka yi benci maimakon falanki. Gungumen da bai kai inci 12 ba, ko karkatacce, dama can na benci ne.

Sayen inji kuwa sai ga wanda zai samu aiki duk mako. Akwai jabu da yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Ka tafi da wanda ya san inji, ka tabbata ana samun sarƙa da kayan gyaransa a Funtua, Katsina ko Kano. Matashin da ke sha'awar sana'ar ya fara bin ƙwararre yana riƙe igiya da wasa sarƙa.

Ofareta ana biyansa ko da yini, ko a kan kowane falanki, ko a raba katakon. Biyan yini yana sa nawa, biyan falanki yana sa gaggawa da karkataccen yanka, don haka in kun zaɓi na biyu ku yarda cewa miƙaƙƙe kaɗai za a ƙirga. Ku kuma yanke tun farko wa zai sayi mai, wa zai biya sarƙa in ta ci ƙusa, wa kuma zai kwashi bayan gungume da rassa da garin katako. Bayan gungumen yana yin dangar dabbobi da ƙananan kujeru, rassan su ne itacen girkin da dama za a samu, garin kuma masu kiwon kaji suna saye don shimfiɗa.